Tambaya da Amsa: Manhajar Kariya Ta Ƙi Fita Daga Kwamfutata

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a nan Madina. Na sayi sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ta zo da manhajar kariya daga bairos, aka ce ta gwaji ce ta wata guda. Da wa'adin ya cika sai ta dame ni da saƙonnin neman in biya kuɗi. Na yi ƙoƙarin cire ta, aikin ya tsaya a tsakiya. Wani abokina ya shiga wurin da fayilolinta suke ya goge waɗanda suka gogu, sa'an nan ya ɗora mini wata manhajar kariya ta daban. Yanzu kwamfutar ta yi nauyi ƙwarai, tsohuwar manhajar ba ta cikin jerin manhajoji, amma duk lokacin da na kunna sai ta bayyana. Risalata, wato kundin binciken karatuna, tana ciki, kuma ina tsoron kada in yi asararta. Mene ne mafita?

*Daga wani ɗalibi, Madina*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kafin ka taɓa komai, ka kwafi risalarka da duk littattafan da ka tara zuwa filash, ka kuma aika wa kanka wani kwafin ta imel. Aikin da za mu yi ba ya cin fayilolin mutum idan an bi shi daidai, amma wahalar shekaru ba abar da za a bari a wuri ɗaya ba ce yayin da ake taɓa cikin kwamfuta.

Taurin kan da ka gani da gangan aka gina shi. Abu na farko da mugunyar manhaja take nema idan ta shiga kwamfuta shi ne ta kashe manhajar kariya, don haka masu ƙera waɗannan manhajoji suka sa musu sassa da ke tashi tare da Windows tun kafin ka ga fuskar allo, suna duba kowane fayil da aka buɗe da duk abin da ke shiga ko fita ta intanet, suna kuma hana kowa goge su ko tsayar da su. Kamar mai gadi ne da aka ce masa kada ya bar bakin ƙofa sai da umarnin maigida: ko an kwashe masa tabarma da buta, yana nan tsaye. Abin da abokinka ya yi ke nan. Fayilolin da suka gogu su ne marasa tsaro, kuma galibi a cikinsu ne ɗan shirin da ke cire manhajar yake, waɗanda suka ƙi goguwa kuwa su ne masu aikin gadin. Ya yi da kyakkyawar niyya, amma ya toshe hanyar fita ya bar abin da ake son fitarwa a ciki. Da ya ƙara ta biyu a kai, sai ya zama duk fayil ɗin da ka buɗe manhajoji biyu ne ke rige-rigen duba shi, kowace kuma tana zargin 'yar'uwarta. Nauyin da kake ji daga nan yake.

Ka fara da ta biyun, tunda ita lafiyarta ƙalau. Ka shiga Settings, ka zaɓi Apps, ka nemo ta a jerin, ka danna Uninstall. Idan Windows ɗinka na Larabci ne, kamar wasu kwamfutocin da ake sayarwa a ƙasar nan, wuraren su ne I'idadat da Taɗbiƙat. Za ta tambaye ka ko da gaske kake, wataƙila har ta yi maka tayin rangwame. Ka tabbatar mata, ka bar ta ta gama, sa'an nan ka sake kunna kwamfutar. Wannan sake kunnawar ba ta ganin dama ba ce, domin sassan da na ambata ba sa fita sai a lokacinta.

Ita kuwa ta farkon, maganinta yana hannun kamfanin da ya yi ta. Ba ka faɗi sunanta ba, amma kusan kowane babban kamfani yana da ɗan shiri na kyauta wanda aikinsa kawai shi ne kwashe ragowar manhajarsa idan hanyar da aka saba ta gaza. Na McAfee sunansa MCPR. Na Norton shi ne Norton Remove and Reinstall, kuma a cikinsa sai ka nemi zaɓin cirewa kaɗai, in ba haka ba zai cire ya sake mayar maka da ita. Avast yana da Avast Clear, AVG yana da AVG Clear, na Kaspersky ana kiransa kavremover, ESET kuma yana da ESET Uninstaller. Ka sauke shi daga shafin kamfanin kansa, ka kuma duba adireshin da kyau kafin ka danna, domin sakamakon farko da injin bincike ke nunawa sau da yawa talla ce, kuma 'yan damfara sun san cewa mai neman irin wannan shiri a matse yake. Ka danna shi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi gudanar da shi da ikon mai kula da kwamfuta, ka jira ko da ya ɗauki mintuna masu yawa kamar ya tsaya, sa'an nan ka sake kunnawa.

Idan shirin ya ce bai ga komai ba, akwai dabarar da mutane ke ƙyama amma tana aiki: ka sauke manhajar nan da kake gudu daga shafin kamfaninta, ka sake ɗora ta a kan ragowar tsohuwar. Hakan yana mayar da abin da aka goge, ta dawo cikin jeri, sai ka cire ta ta hanyar da ta dace.

Idan duk da haka ta ƙi, sai a koma ga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da sassansa na dole kaɗai, ya bar yawancin na baƙi a kwance, har da masu gadin nan. Shirin ESET ma a wannan yanayin ake gudanar da shi, Avast ma yana ba da shawarar a gudanar da nasa a cikinsa. Ka riƙe maɓallin Shift yayin da kake danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, bayan ta sake tashi ka danna 4. Ka sauke shirin cirewar tun kafin ka shiga, saboda babu intanet a can. Akwai kuma abin da nake roƙon ka kada ka tsallake. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifansu a kulle da tsarin BitLocker ba tare da mai su ya sani ba, kuma a wannan hanya ana iya neman mabuɗin buɗewa mai lambobi 48. Mabuɗin yakan kasance a asusunka na Microsoft. Ka shiga asusun ta wayarka, ka rubuta lambobin a takarda, ka kuma tabbatar kana tune da kalmar sirrin asusun, domin wani lokaci lambobin PIN ba sa karɓuwa a wannan yanayi.

Za ka ga masu ba da shawarar a shiga rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunansa, a goge layuka da hannu. Ban yarda ka yi ba. Kuskure ɗaya a can yana iya hana kwamfutar tashi, amfanin kuma kaɗan ne. Idan komai ya faskara, gara ka yi amfani da Reset this PC, wanda ke mayar da Windows sabo, ka zaɓi a bar maka fayilolinka, ka kuma ƙi amincewa idan aka tambaye ka ko a dawo da manhajojin da kwamfutar ta zo da su. Wanda kuma ya sayi tsohuwar kwamfuta a kasuwar gwanjo ta Haraj ya tarar manhajar kariyarta tana neman kalmar sirri kafin ta fita, to alama ce ta fito daga wani kamfani ko ofis, kuma mafi tsabta shi ne a sake ɗora mata Windows gaba ɗaya.

Bayan ta fita ba sai ka sayi wata ba. Tun daga Windows 8 a 2012 Microsoft ke haɗa tasa manhajar kariya, Defender, a cikin Windows, tana janyewa idan an ɗora wata, tana kuma dawowa da kanta idan an cire. Ka buɗe Windows Security ka ga alamun sun zama kore. A ganina ta wadatar wa ɗalibin da ke sabunta kwamfutarsa kuma ba ya sauke manhajojin sata. Sai dai idan Windows 10 kake amfani da shi, ka sani Microsoft ta daina ba shi tallafin da aka saba tun 14 ga Oktoba, 2025, don haka ka duba ko kwamfutarka za ta karɓi Windows 11. Idan kuma ka taɓa shigar da lambar katin banki lokacin gwajin, cire manhajar ba ya soke biyan kuɗi. Sai ka shiga asusunka a shafin kamfanin ka kashe sabuntawa ta kai tsaye.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sayar da abaya da turare a Jidda, ina aika wa 'yan kasuwa a Kano. Kwamfutata kullum tana fito da jan saƙo a gefen allo cewa an ga bairos, da sunan wata manhajar kariya da ban taɓa sakawa ba. Yarona ya duba bai gan ta ba. Yaya zan cire ta?

*Daga wata 'yar kasuwa, Jidda*

Amsa: Barka kadai, Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Yaronki bai gan ta ba ne saboda, bisa ga dukkan alamu, ba ta cikin kwamfutar. Wani shafin intanet ne ya taɓa neman izinin aiko miki da sanarwa aka danna amincewa, shi ne yake aro sunan sanannen kamfani da tambarinsa don ya tsorata ki. Idan kin lura da ƙasan saƙon za ki ga ɗan adireshin shafin da ƙananan haruffa. Idan Chrome kike amfani da shi, yaron ya shiga Settings, ya bi Privacy and security, Site settings, Notifications, ya toshe duk shafin da ba ku sani ba a jerin waɗanda aka ba izini. Kada ki danna saƙon, kada ki kira lambar wayar da ke jikinsa, domin gargaɗin Windows na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya. Idan kuwa an riga an shigar da lambar katin bankinki na mada a wani shafin da saƙon ya buɗe, ki kira bankinki yau ta lambar da ke bayan katin su dakatar da shi, su ba ki sabo.