Tambaya da Amsa: Layin da Ke Jikin Silaid ɗin Bindigata, Karce Ne ko Tsaga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramar bindiga mai cin harsashi na milimita 9, wadda na mallaka da lasisi kuma nake wasan harbin bara da ita. Sabuwa na saye ta, kuma harsashin da na harba bai kai 300 ba. Ina cikin goge ta sai na ga wani siririn layi a cikin silaid, wato marfin ƙarfen sama mai ja da baya, daf da kusurwar tagar da kwanso ke fita, kuma idan na ja farce a kansa ina ɗan jin sa. Shin aibi ne daga masana'anta, ko kuwa abin da aka saba gani ne? Zan iya goge shi da magagari in ci gaba da harbi? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sake harba bindigar nan sai an tabbatar da ko mene ne wannan layi, kuma kada ka kai masa magagari ko takardar guga. Idan tsaga ce, gogewa za ta rufe bakinta ne kawai alhali tana nan tana ci ta ciki, sannan ka share hujjar da za ka nuna wa kamfani da hannunka.

Dalilin wannan tsanani shi ne irin aikin da silaid yake yi. Shi ne marfin ƙarfen nan na sama da ke ja da baya ya dawo a kowane harbi: yana tare ƙeyar kwanso lokacin da albarushi ya kama, ya zaro kwanson ya jefar, sannan ya cusa sabon harsashi a bututu. Ƙungiyar SAAMI ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin bindigogi da harsasai, ta ƙayyade matsin harsashi irin naka a fam 35,000 a kan kowane murabba'in inci, mai alamar +P (wato mai ƙarin matsi) kuwa 38,500, kuma ƙarfen da ke ɗaukar wannan duka yana tafiya ne saitin fuskar mai harbi. An ga abin da hakan ke haifarwa a 1987 da 1988, lokacin da silaid ɗin wasu bindigogin M9 na kamfanin Beretta, waɗanda sojojin Amurka suka karɓa a 1985, ya rabe biyu, guntun baya ya raunata wasu maharba a fuska. Gyaran da ya biyo baya shi ne samfurin 92FS, wanda aka faɗaɗa masa kan fil ɗin da ke riƙe gudumar bindigar domin ya tare guntun idan ya ɓalle.

Duk da haka, yawancin layukan da masu sabuwar bindiga ke tsorata da su ba tsaga ba ne. Cikin silaid wuri ne da kamfanoni ba su cika ɓata lokaci wajen yi masa kwalliya ba, saboda haka sawun injin yanka yakan zauna a wurin. Ka cire gidan harsashi, ka tabbatar da ido da yatsa cewa babu komai a bututu, ka zare silaid ɗin, ka wanke masa mai da baƙin hayaƙi, sannan ka duba shi da gilashin ƙara girma, haske yana zuwa daga gefe. Sawun inji miƙaƙƙe ne ko mai lanƙwasa ɗaya tsaf, zurfinsa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kuma sau da yawa za ka tarar da 'yan'uwansa a jere kusa da shi. Karce yana ƙyalli, yana bin hanyar da sassa ke gogar juna. Tsaga kuwa takan faro daga kusurwa mai kaifi ko bakin rami, ta yi tafiyar kwana-kwana tana sirancewa, cikinta baƙi ne, kuma idan ka goge wurin takan sake tsatso mai. Alamar da ta fi tayar da hankali ita ce layi ya zagaya gefe ya bayyana a ɗaya fuskar ƙarfen. Gwajin farce da ka yi ba ya raba gardama, domin farce yana maƙalewa a duka ukun.

Wurin da ka ambata shi ya sa ban ce ka kwantar da hankalinka ba. A gefen tagar kwanso ƙarfe ya fi siranta, kuma kusurwa wuri ne da ƙarfin duka ke taruwa. Haka nan ake sa ido a kan kewayen ramin allurar da ke dukan ƙeyar harsashi da kan layukan da silaid ke gudu a kai.

Abin da zai yanke hukunci yana hannun ƙwararren mai gyaran bindiga. Ko dai ya shafa wani jan rini mai kutsawa, ya bar shi na 'yan mintoci, ya goge, ya fesa farar hoda, idan akwai tsaga rinin ya tsatso ya zana ta. Ko kuma ya sa wa ƙarfen maganaɗisu ya barbaɗa garin ƙarfe, garin ya taru a bakin tsagar. Kada tambarin gwajin da ke jikin wasu bindigogi ya ruɗe ka. A ƙasashen da ke bin tsarin CIP, wato hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da gwajin bindigogi, ana gwada ƙananan bindigogi da harsashin da matsinsa ya ɗara iyaka da kashi 30 cikin 100, amma wannan shaida ce cewa ƙarfen ya jure a ranar gwaji, ba alkawari ne na gobe ba.

Ko an tabbatar tsaga ce, sanin mai laifi wata magana ce daban, kuma a nan ne mutane suka fi gaggawa. Aibin ƙira yakan fito daga kuskure wajen gasa ƙarfe da sanyaya shi har ya yi taurin da ke sa karyewa, ko daga datti da kumfar iska da suka maƙale a cikinsa, ko kusurwar da aka yanka da kaifi fiye da kima. Amma harsashi mai matsi fiye da ƙa'ida, da wanda aka ɗura da hannu ba bisa awo ba, da murɗaɗɗiyar wayar da ke mayar da silaid idan ta saki, da yankan da wani ya yi wa silaid domin ɗora madubin saiti, duk suna iya haifar da tsaga iri ɗaya. Ko a batun M9 an daɗe ana jayayya a kan ko ƙarfen ne ko harsashin. A ganina, idan abin da ka faɗa haka yake, wato harbi bai kai 300 ba, da harsashin kamfani, kuma babu wanda ya taɓa sauya wani sashe, to zargi ya fi karkata ga masana'anta, domin silaid mai lafiya an yi shi ne ya jure dubban harbi.

Ka ɗauki hotunan layin da kyau, da ma'auni a gefensa, ka rubuta lambar bindigar da ranar saye da nau'in harsashin da ka yi amfani da shi, ka adana kwansayen da suka rage, domin jikinsu yakan nuna ko matsi ya yi yawa. Daga nan sai ka rubuta wa kamfanin ko dillalin da ya sayar maka, ka tambaya ko kamfanin ya taɓa kira a mayar masa da bindigogin da ke jerin lambobin da taka ta faɗa ciki saboda aibi, ka kuma bi dokar ƙasarka wajen aika musu da ita. Idan wani ya ce zai like maka tsagar da walda, kada ka yarda, domin zafin walda yana ɓata taurin ƙarfen da ke kewaye. Silaid ɗin da ya tsage sauya shi ake yi gaba ɗaya.