Gasarka ta farko: bar kunamar nan yadda take

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka sa sunanka a gasar harbin fistol ta USPSA da za a yi ƙarshen wata, kana tambaya ko ka sassauta kunamar Glock 17 ɗinka, ko ka canza mata saiti, ko kuwa ka ari bindigar gasa ta shago don kada ka zo na ƙarshe a yi maka dariya. Duk ukun ban yarda ba.

Zuwa na ƙarshe a gasar farko ba abin kunya ba ne, ba kuma wanda zai tuna da shi bayan mako ɗaya. Abin da ake tunawa shi ne kora, wadda 'yan wasan ke kira DQ: alƙalin fili ya daka maka tsawa, ya sa ka sauke harsashi, ya ce wasanka ya ƙare na ranar, ko da zango ɗaya kacal ka harba, wato ɗaya daga cikin sassan da aka raba gasar. Don haka shirin da nake so ka yi a makonnin nan na hannunka ne da na idonka. Bindigar ba ta da laifin komai. Ka san yadda aikinmu na gyaran bindiga yake, duk bindigar da aka taɓa cikinta sai ta ci harsashi ɗaruruwa kafin a ce an amince da ita. Ka goge ƙarfe yau, ka sa sifirin mai laushi gobe, ranar gasa allura ta bugi harsashi ya ƙi tashi, ga agogo na tafiya, ga mutane sun zuba maka ido. A irin wannan ruɗewar ce yatsa ke shiga inda bai kamata ba. Ka wanke ta, ka sa mata mai kaɗan, ka harba magazin biyu ko uku bayan wankin don ka tabbata ka mayar da komai daidai, shi ke nan.

Bari in fara da dokar da ta fi cin sababbi. Filin gasa fili ne mai sanyi, wato babu mai yawo da bindiga ɗure da harsashi, babu kuma mai taɓa tasa sai a wuri biyu: a teburin da aka keɓe don haka, ko a gaban alƙali bayan ya ba da izini. Ka zo da ita cikin jaka, babu harsashi a ciki, babu magazin a jiki. Kada ka fito da ita a wurin ajiye motoci don ka sa a kube, ko da ba mai kallo. Ka ɗaura bel ɗinka da kuben, ka ɗauki jakar zuwa teburin, ka fuskanci inda aka nuna, sannan ka sa ta. A kan wannan teburin kuma haramun ne ka taɓa harsashi, ko magazin mai harsashi a ciki. Ɗura magazin kana iya yi a ko'ina cikin filin, ban da nan. Mutane da yawa kan juya dokar a kansu, su zaci teburin tsaro shi ne wurin da ya fi dacewa da ɗuri, su sha kora tun kafin harbin farko.

Sai dokar digiri 180. Ka ɗauka an ja layi daga hagunka zuwa damarka, daidai da tudun ƙasar da ke tare harsashi a ƙarshen fili. Bakin bindigarka ba ya ƙetare wannan layin zuwa baya, ko na ƙiftawar ido, ko da babu komai a cikinta. A tsaye abin yana da sauƙi. Wahalar tana zuwa in ana motsi. Kai badame ne, to in kana gudu zuwa hagu kana canza magazin, hannunka da kansa zai karkatar da bakin bindigar zuwa hagu, jikinka ma ya riga ya juya can, sai ka ga ta leƙa baya ba ka sani ba. Haka in zango ya buƙaci ka koma da baya: jikinka na iya juyawa, amma hannun da ke riƙe da ita ya tsaya a miƙe wajen tudun, kamar kana jan akuyar da ta ƙi tafiya. In akwai ƙofar da za ka buɗe ko igiyar da za ka ja, ka lura kada hannun hagunka ya gitta ta gaban bakinta. Nuna wa jikinka bindiga, ko da tafin hannu ne, kora ce.

Yatsa kuma a waje yake, a miƙe a jikin bindigar sama da kunama, duk lokacin da kake tafiya ba harbi kake ba, ko kana canza magazin, ko kana gyara cushewa. Ka ɗaga shi sosai yadda alƙali zai gani daga inda yake tsaye. Shi ba ya karanta niyya, abin da idonsa ya gani yake hukunci da shi.

Ka haddace umarnin fili, da Turanci ake ba da shi kuma kalmomin ba sa canzawa. Kada hannunka ya kusanci bindiga sai ka ji "Make ready". Daga nan za a tambaye ka ko ka shirya, a ce maka "Standby", sai agogo ya yi ƙara tsakanin daƙiƙa 1 zuwa 4. In ka ji "Stop" a kowane lokaci, ka daskare a inda kake, yatsa a waje, baki yana kallon tudu, ka jira. In ka gama, za a ce ka sauke ka nuna babu komai. Nan nake so ka nutsu ƙwarai, domin agogo ya riga ya tsaya tun a harbinka na ƙarshe, ba abin da gaggawa za ta ƙara maka. Magazin ake fara cirewa, sannan a ja silayid, wato saman bindigar da ke zamewa baya. In ka juya tsarin, ka ja silayid magazin na jiki, ka fitar da harsashi ɗaya ne ka shigar da wani, da an ce ka danna kunama ka mayar kube sai ta tashi. Ka duba ramin da idonka, ka bar alƙali ya duba, kada ka tsaya cafe harsashin da ya faɗo, ƙasa ba za ta cinye shi ba. Mayarwa kube ma a hankali, kana kallo, rigarka a cuse cikin wando don kada gefenta ya shiga ya ja kunama.

In bindiga ta faɗi daga hannunka kana cikin zango, an kore ka. In kuwa ta zame daga kube kana yawo tsakanin zango da zango, babu harsashi a ciki, ba a kore ka ba tukuna, sai in ka sunkuya ka ɗauka. Tsaya a kanta ka kira alƙali.

Yanzu ga lissafin maki, don shi ne zai cire maka son gudu. Tun da aka kafa IPSC, ƙungiyar wannan wasa ta duniya, a taron Columbia ta jihar Missouri a 1976, Jeff Cooper na shugabanta na farko, wasan a kan abu uku ya ginu: daidaiton harbi, ƙarfin harsashi, da sauri. USPSA ita ce reshenta a Amurka. Ana tara makin da ka samu a zango, a raba da daƙiƙoƙin da ka ɓata. Tsakiyar kwalin da ake harbi, wurin da ake kira A, maki 5 ne. Da harsashin 9mm irin naka, wanda ke ajin ƙaramin ƙarfi, C, wato kewayen A, maki 3 ne, D kuma, can gefe, maki 1. Yawanci huda biyu mafi kyau ake ƙirgawa a kowane kwali. Kuskure ɗaya, wato harbin da bai sami kwali ba, ana cire maka 10, ban da 5 ɗin da ka rasa. Farin kwalin da aka hana harbi, in ka huda shi, 10 ne. To ka ɗauki zango mai kwali 6, harbi 12, maki 60. Wani ya gama a daƙiƙa 12, duk a tsakiya: 60 a raba da 12, ya sami 5. Kai ka yi wuta-wuta ka gama a daƙiƙa 10, amma harsashi ɗaya ya bi iska: 55 a cire 10 saura 45, a raba da 10, ka sami 4.5. Ka riga shi gamawa, ya riga ka a allo. Sauri ya haifi nawa ke nan. In ma ka manta da kwali ɗaya gaba ɗaya, kuskure biyu ne da tarar rashin harbinsa, 30 sun tafi, ga 10 ɗin da ba ka samu ba. Harba a gudun da idonka ke ganin saiti a kan kwali kafin kowace dannawa. Ƙarfen da aka kafa kuma sai ya faɗi ake ƙirga shi, kuma ba a harbinsa a ƙasa da ƙafa 23 saboda ɓarɓashin da ke dawowa.

Ƙarfin harsashi ana auna shi ne da nauyin kan harsashi a ma'aunin giren a ninka da gudunsa na ƙafa a daƙiƙa a raba da 1,000, kuma mafi ƙaranci 125 ne. Harsashin kanti mai nauyin giren 115 ko 124 yakan haye wannan. Sayi na kamfani wanda bindigarka ta saba da shi. Kada ka karɓi ɗurin hannu na wani, komai kirkinsa. In kuma ka danna ka ji ƙara mai rauni, ba shuri, ka tsaya nan take. Mai yiwuwa kan harsashi ya maƙale a bututu, kuma ka ga irin bututun da ake kawo mana shago a kumbure ko a tsage bayan an bi shi da na biyu.

Kaya ba su da yawa. Kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, a ƙugun dama, ba na yadi mai laushi da ke rufewa in an zare ba, ba kuma irin wanda ake danna maɓallinsa da ɗan ali ba. Bel mai ƙarfi. Magazin 4 ko 5 da gidajensu, tunda dogon zango na iya kaiwa harbi 32. Harsashi 250 zai ishe ka gasar unguwa har da ragowa. Tabarau da abin toshe kunne, kuma ba a cire su muddin ana harbi. Takalmi mai kama ƙasa, hula, ruwa mai yawa, domin ranar Texas ba ta san sabon shiga ba. Ka sake duba shafin rajista na PractiScore ka tabbata USPSA ce ka shiga, ba IDPA ba. Ita waccan, da aka kafa a 1996, lissafinta na lokaci ne da ƙarin daƙiƙoƙi a matsayin hukunci, kuma ana sa riga a rufe bindiga. Dokokinsu sun sha bamban.

A gida, kowane dare, ka yi atisaye na minti goma sha biyar ba harsashi. Harsashin ma ka fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya, ka duba bindigar sau biyu. Zare daga kube a hankali, canza magazin, ka yi taku uku hagu, uku dama, uku baya, kana lura da bakin bindiga da yatsanka. Ka sa waya ta ɗauke ka ka kalla, za ka ga abin da alƙali zai gani. Ka maimaita saukewa da nunawa har hannunka ya riƙa yi ba tare da ka yi tunani ba.

Ranar gasa ka isa da wuri, ka gaya wa mai rajista da alƙalin rukuninku cewa yau ka fara. Za su sa ka a ƙarshen layi don ka ga yadda wasu ke yi. Ana ba da kamar minti biyar a zaga kowane zango hannu wofi. Ƙirga kwalaye ka gwada da adadin da aka karanta, don masu tsara zango suna son ɓoye ɗaya a bayan ganga. Zaɓi hanya mafi sauƙi, ka sa canjin magazin a lokacin da kake tafiya daga wuri zuwa wuri, ka lura da katakon iyaka a ƙasa, domin harbi da ƙafa a waje tara ce. In ka tsayar da shiri, ka riƙe shi. Za ka ga wani mai matsayin GM, wato ajin ƙoli, ya bi wata hanya dabam cikin rabin lokacinka. Kada ka canza naka saura mutum biyu a kira ka, za ka shiga da rabin nasa da rabin naka ka manta duka.

In ba kai ke harbi ba, ba kuma kai ne na gaba ba, ɗauki sitika ka liƙe huda, ka tayar da ƙarfe. Amma kada ka taɓa kwali sai an gama rubuta makinsa. Alƙalan nan 'yan sa-kai ne, ba biyansu ake ba, kuma sabon da ya zauna a inuwa yana danna waya ana lura da shi fiye da wanda ya yi kuskure goma.

Ka ce abokinka ɗalibi, mai bizar karatu, yana so ya raka ka. Ya zo ya yi kallo da tabarau da abin kunne, amma kada ka miƙa masa bindiga. Dokar tarayya ta hana mai bizar wucin gadi riƙe bindiga ko harsashi, sai wanda ya faɗa cikin 'yan keɓancewar da aka yi, kamar mai lasisin farauta, kuma ba a filin gasa za ku tsaya warware wannan ba.

Azahar za ta same ku a fili. Ka wanke hannu da sabulu sosai kafin alwala da kafin ka ci wani abu, saboda dalmar da ke manne a yatsu. Ranar Litinin ka zo mini da takardar makinka zango-zango, da bindigar ba a wanke ba, ina so in ga cikinta tukuna.