Amsa: ƙarar kwaram-kwaram idan an tada mota da safe

Malam, ƙarar da ka ce tana yin daƙiƙa 2 zuwa 3 sannan ta ɗauke, galibi sarƙar taimin ce ta saki, wato sarƙar da ke daidaita juyawar karanshaf (sandar da fistan ke juyawa) da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul). Tenshina, wato abin da ke ɗaure sarƙar, da ƙarfin baƙin mai take matse ta, shi ya sa kafin mai ya hau sai sarƙar ta yi ta kaɗawa. Fara duba mai da filta. Idan kwamfutar gwajin mota ta nuna lambar matsala P0016, mai yiwuwa sarƙar ta miƙe.

Kada ka canza sarƙa kaɗai. Haɗa da tenshina da robobin da sarƙar take bi. Kawo fistan na 1 can sama, ka daidaita makin (alamar) karanshaf da kamshaf. Bayan ɗauri, juya injin da hannu zagaye 2, makin su dawo daidai. In ya cije, don Allah tsaya: mai yiwuwa bawul ne ke taɓa fistan.