Yaushe Ya Kamata Likita Mai Kammala Horo Ya Fara Neman Aiki?

Tambaya: Saura mini wata 14 in kammala horon ƙwarewa a fannin lafiyar yara. Abokan aikina suna cewa in bari sai na ci jarrabawar ƙarshe tukuna, wai fara neman aiki yanzu azarɓaɓi ne. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Yaushe ya dace in fara?

Amsa: Likita, ki fara yanzu. Da sanyin safiya ake kama fara. Abokan naki suna ganin samun aikin ne mai wuya, alhali abin da ke cin lokaci yana zuwa ne bayan an ce an ɗauke ki.

Ki tsayar da ranar da kike so ki duba mara lafiyarki na farko, sai ki yi lissafi da baya. Asibiti ba zai bari sabon likita ya taɓa kowa ba sai ya tantance takardunsa. Zai rubuta wa jami'ar da kika gama, da asibitin da ya horar da ke, da hukumar da ta ba ki lasisi, kuma kowanne sai ya amsa da kansa. Wannan kaɗai yakan ci wata 3 zuwa 4, kuma wasiƙa ɗaya da ta kwana a teburin wani magatakarda ta isa ta tsayar da komai, ki zauna a gida babu albashi. In kuma za ki koma inda hukumar lasisi ta bambanta, ki ƙara wasu watannin. Kafin duk wannan akwai ganawa, da ziyarar asibiti, da ciniki kan kwantiragi. In kin haɗa su, shekara ta tafi.

Ƙasar da kike ciki tana iya matsa wannan lissafi gaba ko baya. A Amurka horo yakan ƙare a ƙarshen Yuni, shi ya sa da yawa ke fara nema tun saura wata 12 zuwa 18. Likitan da ya shiga Amurka da bizar J-1, wadda ake ba baƙin likitoci masu zuwa horo, kuwa ba shi da sararin jinkiri, domin doka ta ce bayan horo ya koma ƙasarsa na shekara 2 sai in ya samu sassauci. Shirin Conrad 30, ɗaya daga hanyoyin samun wannan sassauci, yana ba kowace jiha gurbi 30 kacal a shekara, bisa sharaɗin yin shekara 3 a yankin da ke fama da ƙarancin likitoci. Jihohi da dama suna fara karɓar takardu wajen Oktoba, kuma sai da kwantiragi a hannu. A Birtaniya abin ya sha bamban: ana ganawa da mai neman muƙamin kwansultan, wato babban likita ƙwararre, ne idan abin da ya rage masa ya karɓi shaidar kammala horo bai wuce wata 6 ba.

Sai dai fara nema daban, sa hannu daban, kuma nan ne na fi jiye wa matasan likitoci tsoro. Watanni biyu masu zuwa na shawara ne: wane gari, asibitin koyarwa ko mai zaman kansa, me iyali suka ce. Ki sabunta takardar tarihin karatunki da aikinki, ki tunkari malamai uku da suka ga aikinki da idonsu ki roƙe su wasiƙar shaida tun suna tune da ke. Yawancin guraben kirki a bakinsu ake fara jin su.

Idan tayi ya zo, kada kuɗin maraba da ake bayarwa ya rufe miki ido, don galibi sai an mayar da shi in kika bar aikin da wuri. Ki tambayi dare nawa za ki kwana kan kira, wato cikin shirin a kira ki aiki, a wata, wa zai biya inshorar ƙarar da za a iya shigarwa bayan kin tafi, da ko an hana ki aiki a asibitocin da ke kusa idan kun rabu. Ki kai wa lauyan da ya san kwantiragin likitoci ya karanta. Ki kuma nemi yin magana da ƙaramin likitan da ke wurin, ba tare da shugaban sashe yana zaune ba.

Batun jarrabawa kuwa, asibitoci sun saba ɗaukar likita bisa sharaɗin zai kammala horo. Ki dai tsara ganawarki yadda ba za ta faɗo a watan ƙarshe na karatun jarrabawar ba.