Amsa ga Yayana kan zirga-zirga tsakanin Osaka, Kyoto, Nara da Kobe

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan ka tashi lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso gare ni, kuma na karanta shi har sau uku. Ka ce kwana biyar za su rage maka bayan ka gama da dillalan kayan gyaran mota, kana so ka ga Kyoto da Nara da Kobe, kana kuma tambayar nawa ake ɗaukar shatar mota da direba na yini guda. Sannan a ƙarshe ka saƙa wata magana cikin zolaya, cewa idan har ƙaninka da ya shekara 19 a Japan ba zai iya ajiye aiki ya zagaya da kai a motarsa ba, to lalle surukai sun gama mayar da shi nasu. Zan amsa maka batun hanya dalla-dalla, amma waccan maganar ma ba zan bar ta ta wuce ba, domin ba kai kaɗai kake faɗin ta ba.

Da farko dai ka cire batun mota daga ranka. Garuruwan nan huɗu a manne suke da juna, har mutum ba ya gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Tsakanin Osaka da Kyoto kilomita 43 ne a jirgin ƙasa, kusan tazarar Kano zuwa Wudil, kuma Kobe da Nara ba su ma kai haka nisa daga Osaka ba. Jirgin kamfanin JR mai sauri da ake kira Shinkaisoku yana kai mutum Kyoto cikin kimanin minti 30, kuɗinsa bai kai yen 700 ba, zuwa tashar Sannomiya da ke tsakiyar Kobe kuwa minti 20 ne da 'yan kai. Wanda ya ɗauki mota zai biya kuɗin babbar hanya, ya tsaya a cunkoso, sannan ya yi ta kewaya yana neman inda zai ajiye ta da tsada. Ina da mota, ban ɓoye ba, amma sai mu yi mako biyu ba mu tashe ta ba. A gida mota ita ce mutuncin mai gida, kuma baƙon da aka bari ya shiga ta haya an wulaƙanta shi. Na san da haka, a cikinsa na girma. A nan kuwa shugaban kamfani da mai shara tarago ɗaya suke shiga, kuma idan ina son baƙona ya huta, jirgi nake sa shi.

Masauki ɗaya za ka kama a Osaka, kusa da unguwar Umeda ko ta Namba, inda manyan tashoshin jirgi suke, ka riƙa fita da safe kana dawowa da dare, kada ka ɗauki kaya kana sauya otal kullum. Idan ka sauka a filin jirgin sama na Kansai, wanda aka gina a kan tsibirin da aka cike a cikin teku aka buɗe shi a 1994, jirgin kamfanin Nankai zai kai ka Namba cikin kimanin minti 40, na JR mai suna Haruka kuma yana bi ta Tennoji da Shin-Osaka har Kyoto. Akwai ɗakin salla a filin jirgin, sai ka rama abin da ya kuɓuce maka a sama kafin ka fito. Abin da za ka fara buƙata shi ne katin ICOCA: za a riƙe yen 500 a matsayin ajiya, sauran kuɗin kuma ka riƙa taɓa katin a ƙofar shiga da ta fita, injin yana cire abin da ya dace. Yana aiki a jiragen kamfanoni dabam-dabam da na ƙarƙashin ƙasa da bas-bas, har da shagunan kan hanya. Sunan wasa ne da kalmar mutanen Kansai, yankin da garuruwan nan suke, “iko ka”, wato “mu tafi?”, kuma ni har yau sai na ji kamar ana tambayata ina ikona. Wani zai ba ka shawarar ka sayi tikitin baƙi na zagaya ƙasa baki ɗaya, wanda ake kira Japan Rail Pass. Kada ka saya. A watan Oktoba na 2023 na kwana bakwai ya koma yen 50,000, kuma ko ka yini kana kai da komo tsakanin garuruwan nan ba za ka ci rabin kuɗin ba. Haka ma Shinkansen, jirgin nan mai gudun tsiya da ya fara aiki a 1964: yana kai mutum Kyoto cikin kwata na awa, amma sai ka fara zuwa Shin-Osaka, wadda tasha ce dabam da tashar Osaka, don haka ribar lokacin ba ta taka kara ta karya ba. Idan sha'awa ce, ka hau shi sau ɗaya domin ka sami labarin bayarwa a majalisa.

Abin da ya fi rikita baƙo shi ne kamfanoni da yawa suna bin hanya ɗaya, kowa da tasharsa. Zuwa Kyoto akwai JR, akwai Hankyu daga Umeda, akwai Keihan daga Yodoyabashi. JR ya fi sauri, amma yana sauke ka a babbar tashar Kyoto, wadda take ɗan nesa da tsohon gari. Hankyu ya fi araha, yana ɗaukar kimanin minti 45, amma yana ajiye ka a Kawaramachi, cikin kasuwa, inda za ka taka da ƙafa zuwa tsohuwar unguwar Gion. Zuwa Nara kuwa Kintetsu za ka hau daga Namba, domin tasharsa ta fi ta JR kusa da filin bareyin da baƙi suke zuwa kallo. Sannan a kan layi ɗaya akwai jirgin da yake tsayawa a kowace tasha da wanda yake tsallake su. A shekarata ta farko na taɓa shiga na kowace tasha don na ga babu cunkoso a cikinsa, ina murna na yi dabara, ina zaune jirage masu sauri biyu suka wuce mu, na isa wurin neman aiki an riga an kira sunana. Ba wanda ya yi mini faɗa. Sun dai ba ni haƙuri cikin ladabi, suka raka ni har bakin ƙofa.

A nan ne zan taɓo ƙorafin da ka yi bara, lokacin da na katse wayarka na ce ina cikin jirgi. An ce ka faɗa wa Inna cewa na fara girman kai. Yaya, a cikin jirgin nan ba a amsa waya, ana ma sanarwa a kan haka, kuma tarago cike da mutum ɗari sai ka ji shiru kamar ana sauraron huɗuba. Mu da muke 'yan tsiraru, baƙar fata, idan ɗayanmu ya ɗaga murya ba sunansa za a riƙe ba, sai a ce 'yan Afirka ne. 'Yan Najeriya a ƙasar nan 'yan dubbai ne kawai, yawancinsu daga kudu, Hausawa kuwa a yankinmu ana iya ƙirga mu a tabarma biyu ranar Salla. Don haka muke kiyaye abin da za a ce. Ni ban ga inda wannan ya saɓa da tarbiyyar da Baba ya yi mana ba, shi da yake cewa baƙo ba ya shiga gari da tsarinsa. Ina tuna yadda yake kai mu tasha da asuba idan za mu Wudil, mu zauna a cikin mota har hantsi ana jiran ta cika, yana hira da ɗan kamasho kamar ɗan uwansa. Ina kewar wannan hirar, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma jirgin ƙarfe 8:14 a nan ƙarfe 8:14 yake tashi, kuma idan ya makara ana ba fasinja takardar shaida ya kai wa mai gidansa a wurin aiki. Idan na ce mu haɗu ƙarfe tara, ina roƙonka, taran agogo nake nufi.

Sauran ƙananan abubuwa za ka koya da ido. Ana yin layi a kan alamar da aka zana a ƙasa, a bar masu sauka su gama fita. A matakala mai tafiya da kanta mutanen Osaka suna tsayawa a dama, na Tokyo a hagu, kuma kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne ya karkace. Akwai taragon mata zalla, da alama a ƙofarsa da kuma a ƙasa, ka lura kada sauri ya jefa ka ciki. Fasfonka ya kasance a jikinka koyaushe, domin doka ce. Jirage suna daina aiki wajen sha biyun dare, wanda ya rasa na ƙarshe kuwa tasi za ta cinye masa kuɗin kwana biyu.

Kyoto ka ba ta yini guda cur, ka fita da sassafe. Ita ce mazaunin sarki daga 794 har fiye da shekara dubu, kuma baƙi sun yi mata yawa, bas-bas ɗinta sukan cika maƙil, saboda haka duk inda jirgi yake zuwa ka bi jirgi. Fushimi Inari, mai dubban ƙofofi jajaye a jere a kan tudu, tasha biyu ce kawai daga tashar Kyoto a layin Nara. Nara rabin yini ta isa. Ta riga Kyoto zama babban birni, tun 710, kuma a nan ne ginin katako na Todai-ji yake, da mutum-mutumin Buddha na tagulla mai tsawon kusan mita 15. Na san abin da za ka ce. Mu ma mun yi ta wannan muhawara a tsakaninmu, wasu ba sa shiga ko harabar, wasu suna shiga kallon gini kamar yadda ake zuwa kallon dalar Masar. Ni ina shiga, ba na rusunawa, ba na jefa kuɗi, kuma ba wanda ya taɓa tambayata dalili. Bareyin wurin sun haura dubu, suna yawo a sake cikin mutane, suna sunkuyar da kai idan sun ga biskit ɗin da ake sayarwa dominsu. Ka riƙe bakin babbar rigarka, domin suna ja.

Kobe kuwa ka bar ta sai ranar Juma'a, kuma wannan ranar na riga na nemi hutu. Daga Sannomiya tafiyar minti goma ce da ƙafa zuwa masallacin Kobe, wanda shi ne mafi tsufa a Japan, da 'yan kasuwa Musulmi daga Indiya da Tatar da Turkawa suka gina a 1935. Ruwan bama-bamai na 1945 ya ƙone unguwannin da ke kewaye da shi, shi yana tsaye. Girgizar ƙasa ta 17 ga Janairu 1995, wadda ta kashe mutum fiye da 6,000, ita ma ba ta kayar da shi ba. A nan aka ɗaura mini aure. Ba ku zo ba, kuma ban riƙe kowa ba, hanya ce mai nisa, amma har yau akwai masu tambaya a gida ko “an ɗaura da gaske”, wasu kuma suna kiran uwar 'ya'yana “'yar Chana”. An ɗaura, da waliyyi da shaidu da sadaki, bayan ta musulunta da bakinta shekara guda kafin nan. Surukina, wanda bai taɓa shiga masallaci ba, ya zo cikin baƙar kwat, ya cire takalmi ya jera su a bakin ƙofa suna fuskantar waje yadda suke yi a gidajensu, ya zauna a kan gwiwoyinsa har aka shafa fatiha. Da muka fito ya nuna mini wata kwana a ƙasan tudun, ya ce a nan ya kwana uku yana ɗebo ruwa a bokiti bayan girgizar ƙasa. Bai ƙara komai ba, muka taka zuwa tasha. Har ya rasu bai daina karanta bayan kwalin abinci ba kafin ya miƙa wa jikokinsa, yana duba ko akwai naman alade ko giyar girki a ciki.

Yaran su ne inda maganarka take da ɗan gaskiya, kuma ita ce take yi mini zafi. Mai sunan Baba yana jin Hausa amma da Japananci yake amsawa, ƙanwarsa kuma gaisuwa da ƙirge kawai ta iya. Laifina ne, ina fita da duhu ina dawowa da duhu. Amma yaron nan tun yana shekara bakwai yake hawa jirgi shi kaɗai, da katinsa a rataye a jaka, kuma ranar Asabar shi yake kai kansa karatun Alƙur'ani a masallacin Osaka da ke kusa da tashar Chibune a layin Hanshin, ya kai izu biyar. Shi ne zai raka ka Nara ranar Lahadi, domin ya fi ni sanin lungunan tashar Namba, kuma na gaya masa ba zai yi maka magana da wani harshe ba sai Hausa, ko da za ku yini kuna nuni da hannu. Idan ya durƙusa ya gaishe ka, sannan ya ƙara da sunkuyawa irin ta mutanen uwarsa, kada ka yi masa dariya, yana da saurin jin kunya.

Batun kwana a gidanmu kuma, ba rowa ba ce ta sa na ce ka kama otal. Gidan duka bai kai zauren Baba da ɗakin Inna ba, kuma bango ɗaya ne tsakaninmu da maƙwabta. Amma abincin dare a wurinmu za ka riƙa ci, uwar gida ta iya tuwon shinkafa, shinkafarsu ma ta fi tamu ɗauri. Manyan akwatunanka za mu aika da su filin jirgi ta kamfanin kai kaya kwana biyu kafin ka tashi, don kada ka yi ta jan su a matakalar tasha. Kilishin da ka ce Inna ta sa a yi mini kuwa, don Allah ku cinye shi a gida, domin an hana shigowa da nama kowane iri, akwai karnuka masu shinshina kaya a filin jirgi, kuma hukuncin yana da tsanani. Ka kawo wa yaron hula dai, kansa ya kusa kai nawa. Ka turo mini lambar jirginka da ranar sauka, zan tsaya maka a ƙofar fitowa, da katin ICOCA ɗinka a hannuna.