Lasisin ƙaramar mota da batun hawa tirela

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai tunda kana da lasisi, kuma ka iya tuƙi, me ya sa sai ka fara zama yaron mota kafin a ba ka tirela? Na yi murmushi, amma daren nan ban yi barci sosai ba.

Ɗauko katin naka ka duba harafin da ke jiki. B ne, na ƙaramar motar gida wadda nauyinta bai kai tan 3 ba, ko haya bai halatta maka ba. A na babur ne, F na tarakta, H na katafila da danginta. Tirela da tanka, duk motar da kai daban bodi daban, sai mai G. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra harafin suke dubawa, ba ruwansu da iyawarka.

Mu lokacin da na shiga tasha ba a ma kafa hukumar ba, sai 1988 ta zo. Ina yaron mota aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972. Aikina wanki, ɗaurin tamfol da sa waigi, wato abin da ake tokare taya da shi, sitiyari kuwa sai kallo.

Wata rana mun ɗauko dankali daga Jos za mu yi kudu. Da muka iso bakin Hawan Kibo, ubangidana, Allah ya jiƙansa, ya tsaya cak. Ya sauka ya zagaya motar, yana bubbuga tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya kasa kunne ko iskar birki na fita. Sai ya sa babbar giya, wato mai ƙarfi mai tafiya a hankali, muka fara gangarawa, injin na kuka, ni ina maƙale a ƙofa da waigi a hannu. Wata tirela ta wuce mu da gudu, ƙaurin birkinta ya cika mana hanci. Ubangidana ya yi salati kawai. A kwanar ƙasa muka tarar da ita ta naɗe, bodin ya turo kan ya shiga rami, buhuna warwatse a titi. Direban matashi ne, ya tsira da karaya. Birki ya yi ta takawa har ya yi zafi ya daina kamawa.

Ranar ubangidana ya ce mini, "Mota mai lodi ba a tsayar da ita, lallashinta ake yi." Yakan kuma ce giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka.

Yanzu yaro bai taɓa kwana ƙarƙashin mota ba, sai ya biya wani a kawo masa lasisi har gida, ko gaban 'yan VIO, masu gwada direbobi, bai je gwaji ba. Abin yana ci mini rai, domin rayukan mutane ne a hanyar.

Ka zo gida da Sallah, akwai tsohon direban tanka a unguwarmu, zan haɗa ku. Mahaifiyarka ta san da wannan magana kuwa?