Amsa ga mai tambaya: kar ka bari a yi wayarin sai mai tsara cikin gida ya zo

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka, kace gininka mai ɗaki uku da falo biyu a nan Kano ya kai an buga kwano, madam tace a nemo mai tsara cikin gida, 'yan intiriya ɗin nan, kai kuma kana ganin harkar manyan masu kuɗi ce, tunda kana da birkila da kafinta da mai fenti me wani zai zo ya ƙara maka in ba cin kuɗi ba. Toh ni aikin wayarin nake yi, na daɗe a ciki, ba intiriya nake ba kuma bani da wanda zan tallata maka. Shawarata ka ɗauko shi, kuma yanzu ne lokacin, kafin a binne bututun waya ko guda ɗaya a bango, kafin fulamba, kafin filasta. Yawancin mutane sai an gama fenti suke kiransu, a lokacin kuwa ba abin da ya rage musu sai labule da kushin, shi yasa ake ɗauka aikinsu kenan.

Duk gidan da na shiga tambayar farko da nake wa maigida ita ce ina gado zai zauna, ina za a kafa talabijin, ina firiza, ina esi. Wallahi mafi yawa amsar ɗaya ce, "kai dai sa inda ake sawa". Sai in sa da ƙiyasi, fulamba ma yayi nasa ƙiyasin, mai silin ɗin POP yazo yayi nasa, kowa da irin gidan da yake gani a kansa kuma ba wanda ya zauna da wani. Ranar da kaya suka shigo ake ganin ɓarnar.

Akwai wani gida da aka kira ni ana gobe kai amarya, bani nayi wayarin ɗin ba. 'Yan jere sun zo da gado shida da bakwai mai dogon allon kai, da aka jingina shi sai ya rufe soket biyu da makunnin fitila gaba ɗaya, wadirof kuma ya cinye rabin taga, ƙofar banɗaki bata buɗuwa sai rabi saboda gefen gadon. Iyaye mata sun tsaya cirko-cirko a tsakar ɗaki, wannan tace a juya gadon, waccan tace in an juya ina madubi zai je. Haka na ɗau guduma da kurfi na tsaga bangon da aka gama wa fenti mai sheƙi ko sati biyu ba a yi ba, ƙura ta baɗe sabuwar katifa duk da ledar da aka rufa, kuma irin wannan fentin in ka yi masa faci sai ya nuna, ko daga bokiti ɗaya ka ɗebo. Angon ya biya ni, ya biya birkila, ya biya mai fenti, uku kenan akan aikin da an riga an biya sau ɗaya. Har yau in na tuna fuskar yaron nan sai naji ba daɗi, dan kuɗin ba a banza ya same su ba.

Gidan da akwai mai tsarawa kuwa takarda ake miƙo min. Kowane ɗaki da zanensa, ga gado, ga soket hagu da dama da tsayin da zan sa shi, ga inda talabijin zata hau da bututun da zai ɓoye wayoyinta, ga esi da hanyar da ruwansa zai bi ya fita waje ba ya dinga tsiyaya a jikin bango ba, ga layin da zai hau inbata daban da na kaya masu jan wuta irin su hita da dutsen guga. Ni kaina nafi jin daɗin aikin, nafi saurin gamawa, ba rigima da fulamba akan wa ya fasa wa wani bututu. Kuɗin da kake ba mai tsarawa na wannan takardar ne, da awon da yayi kafin ya zana ta.

Awo kuwa ba wasa bane. Wadirof na rataye kaya yana son zurfin santimita 60, teburin kicin tsayinsa kusan 90, gefen gado in bai kai 60 zuwa 70 ba sai dai mutum ya dinga bi a karkace. Ko tayil ka ɗauka, mai 60 da 60 yawanci guda huɗu ne a kwali, wato murabba'in mita 1.44, ɗaki mai mita huɗu da huɗu in ka ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanka da fashewa kwali 13 zai ci. In aka siyo 11 aiki ya tsaya, ka koma kasuwar Ƙofar Ruwa sai ace wancan ya ƙare, ko a baka mai lamba ɗaya amma launin ya ɗan sha bamban dan ba tare aka gasa su ba, sai ka ga ɗaki ya fito kala biyu. Wanda ya san aikinsa zai lissafa maka duka gidan tun farko.

Sai maganar garinmu. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, ɗakin da tagarsa ke kallon yamma tun daga la'asar yake ɗaukar zafi har cikin dare, dole a san irin labulen da za a sa masa da girman esin da zai iya da shi. Da hunturu kuma ƙura ce, silin ɗin POP mai hawa uku da lungu-lungu da ake yayi yanzu matattarar ƙura ce kawai, ga hayaƙin turaren wuta da ke dafar da shi a hankali. Fitilu talatin a falo ɗaya kuma batirin sola ne zai gaya maka. Ƙwan fitila ma iri-iri ne, mai lamba 6500 fari ne tas yafi dacewa da kicin, mai 3000 mai ɗan ruwan ɗorawa shi ke sa ɗakin kwana ya yi daɗin zama, amma sai ka ga an zuba farin ko'ina gida ya koma kamar ɗakin tiyata.

Abin da yafi damuna ma shi ne kwafo hoto daga Instagram. A ga kicin a buɗe haɗe da falo a gidan Turawa ace shi ake so, an manta mu muna suya da manja, muna kaɗa miyar kuka da daddawa, ana jajjage, rana ɗaya ƙamshin zai kama kujeru da labule bazai fita ba. Ina za ayi daka, dan turmi akan tayil fasa shi zai yi. Ina buhun shinkafa da na masara da jarkar mai zasu zauna. Katakon MDF, wanda ake yi da garin katako da aka matse, in aka sa shi ƙarƙashin wajen wanke-wanke ruwa kaɗan zai kumbura shi, wajen yana son katako mai jure ruwa. Banɗakinmu kullum a jiƙe yake saboda buta da alwala, yana son gangara mai kyau zuwa magudana da tayil mara santsi, musamman in Hajiya zata dinga zuwa tana kwana biyu, tsoho in ya zame a banɗaki ba ƙaramin abu bane. Ga zaman masai, kar ya fuskanci alƙibla ko ya bata baya, wannan kafin fulamba ya binne bututu ake gyara shi. Ga falon baƙi, mai sallama ya shigo ya zauna ba tare da ya hango cikin gida ba, aikin da zaure yake yi a gidajen iyayenmu. Duk mai tsarawar da ya zo bai tambaye ka waɗannan ba, bai zauna da madam yaji yadda take girki da yawan yara da baƙin da kuke yi ba, ya fara nuna maka hotuna a waya, ka sallame shi cikin mutunci.

Dan gaskiya ba duk mai kiran kansa intiriya bane intiriya, da yawa masu saida labule ne da takardar manna wa bango, sana'a ce mai kyau amma ba ita kake nema yanzu ba. Kace ya baka zane mai awo a rubuce, ba hoton kwamfuta mai ƙyalli kaɗai ba. Kace ya kai ka gidan da yayi shekara biyu da suka wuce ka gani da idonka, sabon aiki kowa nasa yana kyau. Suna da ƙungiya ma a Najeriya, IDAN, tun 2007, zaka iya tambayarsa ko yana ciki, duk da ni aikin da na gani a ƙasa nafi yarda da shi. Ku rubuta yarjejeniya, biya kashi-kashi, kuma ka tambaye shi kai tsaye ko yana karɓar la'ada wajen masu kaya, dan wasu kuɗin aikinsu kaɗan ne amma a siyayya suke fanshewa. In kuma yace a rushe bango dan falo ya ƙara faɗi, wannan ba huruminsa bane, sai injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, ya duba ko bangon yana ɗauke da nauyi.

In aljihu ne matsalar, kuma na san yadda siminti da rodi suka tatse kowa, ba dole sai ka bashi kwangilar gidan duka ba. Ka biya shi kuɗin zane da shawara kawai, ka riƙe takardarka, ma'aikatanka su bi ta, kabad ɗin kicin da wadirof ko baɗi kayi su soket da famfo suna nan inda ya kamata suna jiransu. Kafin yazo ka sa a auna kayan madam da zaku tare da su, gado da kujeru da firiza da injin wanki, tsawo da faɗi da tsayi, ka rubuta a takarda, sannan ka gaya wa mai wayarin ɗinka da fulamba su dakata sati biyu. Allah ya sa a gama lafiya, ya sa rai aka yi wa.